Jaririn da Ya Mutu a Majigi

Goggo, ƙanwar mahaifina, takan ce a duk ƙasar Hausa babu matar da ta kai ta kisan jarirai. Jariri ɗaya ne tak, in ji ta, amma ta kashe shi a kowane ƙauye da motar majigi ta taɓa tsayawa. Tana faɗa tana dariya, mu ma mu taya ta. Sai da na girma na lura cewa kullum ita ce take fara yin shiru.

Ga waɗanda aka haifa da waya a hannu, majigi mota ce ta gwamnati da ke yawo ƙauye-ƙauye da farin ƙyalle da injin haska hoto. In magariba ta wuce sai a kafa ƙyallen a ƙofar dagaci ko a filin makaranta, a nuna wa talakawa yadda ake zuba taki, da amfanin allurar rigakafi, da illar yin bayan gida a bakin rafi. Wa'azi ne mai taya huɗu. Mijin Goggo direban irin wannan mota ne, shi ya ɗauke ta tana amarya daga ƙauyenmu na bayan Taura ya kai ta Kaduna. A can ta yi suna a gidajen biki na unguwar ma'aikata, domin in aka kifa ƙwarya a ruwa aka fara kiɗa, babu macen da ke iya daɗewa a fili tare da ita.

Da masu shirya majigi suka tashi yin fim a kan ruwan sha, sai suka nemi mata biyu, mai hankali da marar hankali. Mai hankalin ba ta yi wuyar samu ba. Wata nas aka ɗauko daga asibiti aka ɗaura mata zane, aikinta kawai ta tafasa ruwa ta yi murmushi. Marar hankalin ce ta gagara, don ita ce za ta yi rawa, ta yi shirme, sannan ta yi kuka, kuma duk matar da aka tuntuɓa sai mijinta ya ce ba da shi ba. Direba kuwa yana son ya burge iyayen gidansa, ya ce ga tasa matar.

Labarin fim ɗin bai fi tsawon shan kunu ba. Maƙwabciya za ta je unguwa, ta ba Goggo riƙon jaririnta. Goggo ta goya shi, ta jiyo kiɗa a wani gida, ta bi, ta yi ta rawa da yaro a baya har ƙishirwa ta kama shi. A hanyar dawowa ta tsuguna a bakin kududdufi, ta ɗebo ruwa da tafin hannu ta ɗura masa. Gudawa ta kama yaro, kafin kwana biyu ya cika a cinyarta. Sai kyamara ta tsaya a kan fuskarta tana kuka. Daga nan nas ta fito da tukunyarta ta yi murmushinta.

Goggo ta ce jaririn mai rai ɗan kukun ofishin majigin ne, ya girma ya zama direban tirela, har ya tara iyali. Wanda ya mutu kuwa guntun tabarya ne aka naɗe da tsumma. Ta ce sau huɗu ta yi kukan, saboda duk sanda ta kai tsakiya sai gajimare ya rufe rana, Baturen da ke riƙe da kyamara ya ɗaga hannu a sake. Na taɓa tambayarta me take tunawa hawaye ya zo mata haka. Ta ce ba ta tuna komai, kuka sana'a ce kamar tuƙin tuwo, in ka iya ka iya.

Bayan kaka motar ta iso ƙauyenmu. Ba a haife ni ba a lokacin, mahaifina ne ya ba ni labari, shi ma sau ɗaya. An shimfiɗa wa kakana buzu a gaba, don an ce 'yarsa za ta fito. Da ta fara rawa mata suka yi guɗa. Da ta tsuguna a bakin kududdufi wata tsohuwa ta kira sunanta ta daka mata tsawa, ta ce kar ta kuskura. Da yaro ya mutu filin ya yi tsit, sai ƙarar inji. Kakana ya naɗe buzunsa da kansa ya tafi gida, bai tsaya ganin nas ba.

A nan ne 'yan boko irina muke tafka kuskure in muna ba da irin wannan labari, mu mai da mutanen ƙauye wawayen da ba su san wasa ba. Sun sani sarai. Su ne fa masu tashe duk watan azumi. Babu wanda ya taɓa cewa Goggo ta kashe ɗan wani. Abin da suka ce ya fi wannan wuyar amsawa: mun ji wasa ne, to, amma duk matan Kaduna me ya sa ita aka zaɓa? Kuma wannan kuka, a ina ta koye shi? Mutum bakinsa ma kama shi yake yi, balle abin da ya aikata da hannunsa a gaban jama'a. Daga ranar, in ta zo ganin gida, ana tarbarta da fura da nono, a yanka mata kaza, a tambaye ta labarin birni. Amma duk mai jariri sai ta tuna lokacin ba shi nono ya yi, ta shige ɗaki. Da shekaru suka ja Goggo ba ta haihu ba, sai aka daina ma tambayar. An ga amsa.

Ita kuwa a Kaduna tauraruwarta sai haskawa take. Da talabijin ta zo tana cikin matan da suka yarda su fito, waɗanda ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Kai tsaye ake yin wasan a lokacin, babu yankewa, in ka manta magana sai ka ƙirƙiro wata. Ta fito a matar alƙali, ta fito a dillaliya, ta fito a mai tuwo-tuwon da ke cutar direbobi. Mako-mako ana kallonta baƙi da fari a gidajen da suka mallaki akwatin, da kuma ta tagogin gidajen. Tana cikin 'yan rawar da ake kaiwa Legas in an yi manyan baƙi. Ta ce ta taɓa yin rawa da tulu uku a ka a gaban wani babban baƙo da barci ya sace tun kafin ta ɗora na biyu. Duk wannan babu abin da ya rage. Ko da aka fara ɗaukar wasannin a kaset, kaset ɗin tsada gare shi, sai a goge a ɗora labarai. Ƙauyenmu kuma ba wuta, ba talabijin. Shekara talatin tana aiki, abin da ya iso gida kududdufin nan ne kawai.

Mijinta ya rasu. Gidan talabijin ya cika da yara masu takardar shaida. Da finafinai suka ɓarke a Kano an neme ta sau biyu, duka biyun a muguwar tsohuwa mai bin bokaye. Ta yi, ta ce yaran ba su san a gwada wasa kafin a ɗauka ba, kuma suna kiranta Mama suna duba agogo. Ta tattara ta koma ƙauye wurin mahaifina. Da shi ma Allah ya yi masa rasuwa na ɗauko ta na kawo ta gidana a Limawa, cikin Dutse, na ba ta ɗakin da ke jikin ɗakin karatuna. A lokacin 'ya'yana duk sun wuce goyo, saboda haka maganar ba ta taso ba.

Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka Babana take kirana. Malamin Hausa ne ni a sakandare, kuma wasan kwaikwayo na cikin abin da nake koyarwa. Kowace shekara nakan rubuta a allo cewa ɗan wasa daban, wanda yake kwaikwaya daban, in ja layi biyu a ƙarƙashi, in ba da labarin wata tsohuwa da na sani, ba tare da na ce a gidana take ba. Yara su yi dariyar mutanen da, ni ma in yi murmushin wanda ya tsallake. Har maki nake bayarwa a kan wannan.

Zama da ita ba wuya. Abu ɗaya ne, ba ta shan ruwan da ba a tafasa ba, ko na leda ne sai ta farke ta juye a tukunya. Matata takan ce duk ƙasar nan Goggo ce kaɗai wa'azin majigi ya kama. Har lokacin tana da ƙafa, kuma in ana kiɗa a rediyo tana tankaɗe, za ka ga kafaɗunta na amsawa ba da saninta ba.

Sai babbar 'yata ta zo wankan gida. Haihuwar fari ce, bisa al'ada a gaban uwarta za ta yi jego, kwana arba'in. Tun cikin na wata bakwai Goggo ta fara shiri. Ta sa aka sayo itacen kirya aka jibge a bayan madafa. Ta aika Taura a samo mata kanwa mai kyau ta kunu. Ta yanke farcenta har nama, ta cire zoben azurfar da ban taɓa ganin ta cire ba, ta ce yana karce fata. A gidan Bahaushe jariri ba na uwarsa ba ne ita kaɗai. Mai tallan daddawa ma in ta shigo ana miƙa mata ta ɗauka ta sa albarka, tsohuwar gida kuwa ita ce ta farko. Kowa ya san abin da yanke farcen nan yake nufi.

Matata ce ta fara kawo maganar, ranar da aka sallamo su daga asibiti da ɗa namiji. 'Yar ƙauyenmu ce, da labarin ta tashi. Ta same ni a zaure ina cire takalmi, ta ce ita fa ba ta yarda da camfi ba, ta yi islamiyya, ta san babu mai kashewa sai Allah. Amma dangin uban yaron mutanen Taura ne, kuma in wani abu ya faru, ko ɗan zazzaɓi ne, ba za a kira shi zazzaɓi ba.

"Goggonka ce, Malam. Abin da ka ce shi za a yi."

Na ce mata wannan ai maganar jahilci ce. Ta ce to, ta ji, a miƙa mata shi ke nan? Na ce ba gaggawa, a bari cibiya ta faɗi. Ban san inda na samo wannan hukunci ba, ba ya cikin kowane littafi da na karanta. Na ɗauki takardun jarrabawa na koma makaranta, alhali ranar ba ni da darasi.

Kwana uku Goggo tana hura wutar ruwan wanka, tana jefa ganyen darbejiya, tana dama kunun kanwa. Ana wucewa da jaririn ta gabanta daga ɗaki zuwa ɗaki kamar ana wucewa da tuwo a gaban mai azumi. Rana ta huɗu da hantsi 'yata ta shiga wanka, uwarta na taya ta, aka bar mini shi a tsakar gida. Ya fara kuka. Ni dai alli na iya riƙewa. Goggo na zaune a tabarma cikin inuwa, taku uku tsakaninmu. Ta goge hannuwanta a zane, ciki da baya, ta miƙo su.

"Kawo shi nan, Babana. Ba haka ake tallafe kai ba."

Wallahi ban tuna kududdufi ba. Abin da na ji shi ne jikinsa da ɗan ɗumi, irin ɗumin da kowane jariri ke da shi, sai zuciyata ta ce: in fa zazzaɓi ne? In ya tashi da shi gobe, wa za a ce? Har yau in ina son in sassauta wa kaina nakan ce ita nake karewa. In kuma ina son faɗin gaskiya, nakan tuna cewa ƙafata ta ja baya tun kafin wannan dabara ta zo mini.

Na ce, "Ina ganin yunwa yake ji, Goggo. Bari in kai wa uwarsa."

Uwarsa tana cikin ruwan zafi, duk gidan ana jin ƙarar fyaɗa ganye daga banɗaki. Goggo ta dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya karanto amsa daga tafin hannunsa. Ta mai da hannuwanta cinya. Ta ce haka ne, wannan kukan na yunwa ne, in yi sauri. Na tsaya da shi a bayan ƙofa yana tsala kuka har aka gama wankan.

Washegari Goggo ta tashi da mura.

Tari ne mai kyau, daga can ƙasan ƙirji, da ɗan shaƙewar murya da jan hanci. Ta ɗauki ɗankwali ta ɗaure bakinta. Ta kira matata ta ce kada a kuskura a kawo yaron kusa da ita, jariri ba ya jure mura, in ta shafa masa ba za ta yafe wa kanta ba. Matata ta dafa mata citta da kanumfari. Ni na sayo maganin tari, ta karɓa ta yi godiya. Gidan gaba ɗaya ya yi ajiyar zuciya. Yanzu an samu dalili mai tsabta, irin na asibiti, wanda za a iya faɗa wa baƙi. Ranar suna mata suka cika gida, kowace ta ɗauki yaro ta yabi hancinsa. In an ce a kai wa Goggo sai ta ɗaga hannu daga bakin ƙofarta ta yi tari, a ce Allah sarki, Allah ya ƙara sauƙi. Da aka kifa ƙwarya wasu tsofaffin da suka san ta suka ce ta fito ta nuna wa yara yadda ake yi. Ta ce ƙirji ba zai bari ba.

Bango ɗaya ne tsakanin tebirina da gadonta, don haka a mako na biyu na gane tsarin. In babu kowa a tsakar gida shiru kake ji, wani lokaci har da 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Da zarar an ji takun mai ɗauke da yaro sai tari ya tashi, ba da wuri ba, ba a makare ba. Ba ta taɓa wuce gona da iri ba. Takan ma bari ya yi sauƙi na kwana ɗaya, a ce an samu lafiya, kashegari ya dawo, kamar yadda murar gaskiya take yi. Na karanta littattafan wasan kwaikwayo, na Hausa da na Turawa, na koyar da su shekara ashirin da 'yan kai, ban taɓa ganin wasa irin wannan da idona ba, kuma duk cikin 'yan kallon ni kaɗai na san wasa ake yi. Kwalbar maganin tana nan a tagarta, ko murfin ba a ɓalle ba.

Da na so, da na ɗauko yaron na shiga na ɗora mata, na ce Goggo bari haka. Taku goma ne. Kullum sai in ce gobe, in an kwana biyu, in ya ƙara ƙwari. Cibiya ta faɗi tun kafin suna, babu wanda ya tuna mini, ni ma ban tuna wa kowa ba. Yaron kuwa ko atishawa bai yi ba har arba'in. Matata ta ce ikon Allah, ban tambaye ta me take nufi ba.

Ranar da za su koma, mijin 'yata ya zo da mota da hantsi. Aka loda kayan barka da garar da uwarta ta haɗa. 'Yata ta shiga ɗakin Goggo yin sallama da yaron a kafaɗa. Ita a Dutse ta tashi, labarin majigi a wurinta hirar tsofaffi ce, kuma ta gaskata murar. Ta durƙusa ta miƙa shi da hannu biyu.

"Goggo, mura ko ba mura, ga mijinki nan. Ba zan tafi da shi ba ki ɗauke shi ba, ai ya yi ƙwari yanzu."

Ina tsaye a bakin ƙofa, matata a bayana. Goggo ba ta dubi yaron ba, ni ta duba. Ba wani dogon kallo ba ne. Kalma ɗaya ake nema daga bakina, ko ma gyaɗa kai. Matata ma jira take. Sai na juya na ɗaga murya na tambayi surukina, da ke can zaure, ko ya duba iskar tayoyinsa.

Tarin da ya biyo baya shi ne mafi tsawo da ta yi. Ta juya fuska ga bango, ta yi wa 'yata alama da hannu ta ja da shi baya. Da ya lafa ta ce Allah ya raya shi, ya yi masa albarka, ya sa mai jin ƙan iyayensa ne. In sun zo da sallah ta warke, za ta goya shi har ya gaji. 'Yata ta ce to, alkawari ne. Suka fita.

Na raka su har motar ta sha kwana. Da na dawo na tarar da Goggo a tsakar gida, ta kwance ɗankwalin daga bakinta, tana kwashe tokar murhun wanka. Na ce ta bari za a kwashe. Ta ci gaba da abinta. Can, ba tare da ta ɗago ba, da murya garau, ta ce:

"Babana, yana da nauyi?"

Na ce yana da shi, ba laifi. Ta ce haka ake so, jariri mai nauyi ya fi jure damina.

Da ƙaramar sallah ba su samu zuwa ba, an yi wa mijin canjin wurin aiki. Goggo ta rasu kafin babbar, bayan jinyar kwana uku.